Ninkin matsi a injin Beetle mai cc 1776: yadda aka tsaya a kan 8.1

Motar Volkswagen Beetle ce ƙirar 1972, da injinta na asali mai cc 1600, irin wanda iska ke sanyaya shi, babu ruwa babu lagireto. Injin ya gaji, yana shan baƙin mai, ba ya hawa tudu sai an sauko giya. Mai motar ya ga tunda dai za a buɗe shi, gara a ƙara masa girma gaba ɗaya. Ya sayi fistin da silinda masu faɗin milimita 90.5 a madadin na asali masu 85.5, ya bar karanshaf ɗin kamfani mai tafiyar milimita 69, abin da ke mai da injin cc 1776. Masu yankan ƙarfe sun faɗaɗa ramukan bulok da na kawunan silinda biyu don sabbin silindun su zauna. Ya kuma sayi kamshaf mai daɗewa yana riƙe da bawul a buɗe, saboda an gaya masa nan ƙarfin yake.

Da ya kai kayan wurin bakaniken da zai haɗa, buƙatarsa guda ce: a bar ninkin matsi a kan 7.5 zuwa 1, yadda kamfani ya fito da injin. Dalilinsa ba na banza ba ne. Motar hawa ce ta kullum, yana doguwar tafiya da ita cikin zafi, kuma fetur ɗin da yake da tabbacin samu ko'ina mai oktan 91 ne a ma'aunin RON (lambar da ke nuna juriyar fetur ga matsi kafin ya fashe da kansa), mai 95 kuwa sai an dace. Ya taɓa ganin fistin da ya narke a gefe, ba ya son ganin nasa haka.

An gama aikin a kan 8.1, da wani kamshaf daban. Lambar da mai motar ya ɗauka ta kariya ce, da an kai gare ta ta hanyar da ya nufa, ita ce za ta fi cutar da injin.

Abin da awo ya nuna

Ninkin matsi yana nufin sau nawa fistin ke matse cakuɗen iska da fetur kafin fulogi ya ba shi wuta. Ana haɗa filin da fistin ke sharewa daga ƙasa zuwa sama da ɗan filin da ya rage a kansa idan ya kai ƙololuwa, sai a raba da wannan ɗan filin da ya rage. A injin Beetle ɗan filin kashi biyu ne. Akwai kwarmin da ke cikin kan silinda, inda bawul biyu da fulogi suke, akwai kuma ratar da ke tsakanin saman fistin da bakin silinda. Babu gaskit ɗin kai irin na injin ruwa, bakin silinda ƙarfe ne ke zama kai tsaye a jikin alminiyon kan, saboda haka babu kauri na uku da za a sa cikin lissafi.

Da faɗin 90.5 da tafiyar 69, kowace silinda tana share kusan cc 444. Kowace milimita guda ta ratar fistin kuma daidai take da cc 6.4. Waɗannan biyun lissafi ne, ba sa canzawa. Sauran biyun sai an auna, kuma a nan ne mutane da yawa ke yin ganganci, su ɗauki lambar da aka rubuta a kwali ko wadda suka ji a bakin wani. Kan silindar da ya shekara hamsin yana aiki, babu wanda ya san sau nawa aka share fuskarsa, kowace shara kuma tana rage kwarmin.

Bakaniken ya sa bawul da fulogi a mazauninsu, ya shafa giris a gefen wani faifan roba mai gani-har-hanji da ke da ƙaramar huda, ya kifa shi a kan kwarmin, ya riƙa ɗura ruwa da sirinji mai awo har iska ta ƙare. Kwarmi huɗu suka ba da 49.5, 50, 50.5 da 51. Sannan ya haɗa injin na gwaji ba tare da ringi ba, ya ɗaure silindun da ƙarfe a giciye kamar yadda kai zai danne su, ya juya kowane fistin zuwa ƙololuwa, ya auna ratar daidai saitin ƙusar fistin, domin fistin yana ɗan karkata, wanda ya auna a gefe zai sami lambar ƙarya. Ratar ta fito milimita 0.7. An share mazaunin silinda a jikin bulok lokacin faɗaɗawa, shi ya sa ta matse haka.

Kwarmi 50 da rata 0.7 sun ba da cc 54.5, wato ninkin matsi 9.1. Da an ɗaure injin yadda kayan suka zo, kamar yadda wasu ke yi, wannan ne abin da za a samu ba tare da kowa ya zaɓe shi ba. Ita kanta ratar 0.7 ta yi kaɗan. Idan inji na gudu, kwanrod, sandar da ke haɗa fistin da karanshaf, yana ɗan miƙewa, karanshaf yana ɗan lanƙwasa, fistin yana kumbura da zafi, baƙin toka kuma yana taruwa a kansa. Masu haɗa waɗannan injunan ba sa sauka ƙasa da milimita 1, don kada fistin ya sumbaci kai.

Hanya mai sauƙi da abin da ke ƙarƙashinta

Mai motar ya riga ya zo da maganinsa a hannu: zobban ƙarfe masu kaurin milimita 2 da ake sawa a gindin silinda su ɗaga ta. Da su ratar za ta koma 2.7, ɗan filin ya zama cc 67.4, ninkin matsi ya sauka 7.6. Aikin minti goma, ba yanka ba fiƙa, kuma lambar ta kusa da ta kamfani. A takarda babu abin da za a ce.

Matsalar ita ce ratar fistin tana da wani aiki na biyu da lissafin nan bai nuna ba. Kwarmin kan silinda bai cika faɗin silinda ba, a gefe da gefensa akwai shimfiɗaɗɗen wuri. Idan fistin ya taso ya kusa taɓa wannan shimfiɗaɗɗen wurin, cakuɗen da ke tsakaninsu ba shi da wurin zama, sai ya fesu da ƙarfi zuwa tsakiyar kwarmi, wajen fulogi. Wannan fesuwar tana hargitsa cakuɗen a daidai lokacin da wuta ke kamawa, ƙuna ta yi sauri ta gama. Ɗan abin da ya rage a cikin ratar kuma siriri ne, yana manne da ƙarfe sama da ƙasa, ƙarfen yana janye masa zafi.

Dalilin da ya sa wannan ke da muhimmanci shi ne yadda ƙwanƙwasa ke faruwa. Wuta tana tashi daga fulogi tana yaɗuwa. Cakuɗen da ke can nesa, wanda wutar ba ta kai gare shi ba tukuna, yana shan matsi da zafi daga wanda ya riga ya ƙone. Idan wutar ta yi jinkiri, sai ya fashe da kansa gaba ɗaya, ya doki fistin da kai. Tsere ne tsakanin wutar fulogi da haƙurin wannan ragowar cakuɗen. Oktan yana ƙara masa haƙuri, fesuwar gefe kuma tana ƙara wa wutar gudu.

Fesuwar tana aiki sosai idan ratar tana tsakanin milimita 1 da 1.5. Da ta wuce 2, kusan ta mutu. A 2.7 abin da ya rage shi ne wani faffaɗan aljihu a kewayen silinda, nesa da fulogi, mai kaurin da ƙarfe ba zai iya sanyaya shi ba, wato daidai wurin da ƙwanƙwasa ke so. Injin da ke ƙuna a hankali yana neman a ƙara gabatar da taimin kafin ya ja, kuma wani ɓangare na wutar yana biyo bawul ɗin hayaƙi yana ci, ya gasa bawul ɗin da ƙofarsa. An rage matsi don gudun zafi, an samu kai mai zafi. Ana gudun gara, an faɗa gidan zago.

Akwai kuma ƙananan wahalhalu da ke biyo zobe mai kauri. Injin yana ƙara faɗi milimita 2 kowane gefe, sandunan da ke tura bawul su gajarce, kusurwar da hannun bawul ke danna shi ta karkace, gwangwanin da ke jagorantar iska ya daina zama daram. Duk ana iya gyarawa, amma wanda ya zaɓi zoben don sauƙi ba kasafai yake gyarawa ba.

Saboda haka bakaniken ya fara da tsayar da ratar kafin a yi maganar kowace lamba: zobe siriri mai milimita 0.5, rata 1.2. A ganina wannan ne matakin da ya fi kowanne a cikin aikin duka. Ratar ba abin daidaita matsi ba ce. A tsayar da ita inda take aiki, sannan a nemi matsin a wani wuri. Da rata 1.2 da kwarmi 50, lissafi ya ba da 8.7. Tambayar ta koma: a bar shi a 8.7, ko a buɗe kwarmin a sauko?

Tsoron mai motar yana da tushe

Injin ruwa yana riƙe kansa kusa da zafin ruwan da ke zagaya shi, wajen digiri 90 zuwa 100 a ma'aunin Salshiyos. Kan injin Beetle, idan aka auna a ƙarƙashin fulogi, yana aiki tsakanin 150 da 190 a tafiya ta yau da kullum, ya haura haka a dogon tudu. Cakuɗen da ya shiga irin wannan kan ya riga ya ɗumama tun kafin a matse shi. Shi ya sa ninkin da injin ruwa zai ɗauka cikin kwanciyar hankali da wani fetur, injin iska zai yi ƙwanƙwasa da shi. Ga kuma babu na'urar da ke jin ƙwanƙwasa ta janye taimin kamar a motocin zamani. Kunnen direba ma ba abin dogara ba ne, injin yana can baya, fanka tana kuka, kafin a ji ƙarar ta daɗe tana ɓarna. Ɓarnar kuwa sananniya ce: bakin ramin ringi ya karye, saman fistin ya zaizaye, kai ya tsage tsakanin mazaunin bawul da ramin fulogi, ƙusoshin kai su zare daga bulok, wanda na maganiziyom ne mai laushi.

Kamfanin da kansa a hankali ya riƙa hawa, yana bin ingancin fetur na kowane zamani. Tsohon inji mai cc 1131 yana da 5.8. Mai cc 1192 na tsakiyar shekarun 1950 ya kai 6.6, wanda ya gaje shi a 1960 ya kai 7.0, mai 1300 ya zo da 7.3, mai 1500 da mai 1600 suka tsaya wajen 7.5, kuma littafin motar ya nemi oktan 91 RON. Har injuna masu fistin mai kwarmi aka yi, masu matsi ƙasa da haka, don ƙasashen da fetur ɗinsu ba shi da kyau. Cikin masu haɗa injuna ma akwai mazhabar rage matsi. Gene Berg, wanda ya yi suna da injunan Volkswagen a Kalifoniya, ya daɗe yana kira a tsaya wajen 7, yana yanke kwarmi ya zama rabin dunƙule, kuma injunansa sun shahara da daɗewa. Ba a watsar da wannan ra'ayi da hannu ɗaya.

Sai dai 7.5 na kamfani lamba ce da aka zaɓa don inji guda da za a sayar ko'ina a duniya, ga wanda zai manta da gyaran bawul, ga wanda zai zuba duk abin da ya samu a tanki, kuma an zaɓe ta ne tare da kamshaf ɗin kamfani. Sanyayawa da iska ita kaɗai ba ta kafa iyaka a wurin ba. Porsche 911 ƙirar 964 da ta fito a 1989 injin iska ne, ninkin matsinsa 11.3, amma da fulogi biyu a kowace silinda, da na'urar jin ƙwanƙwasa, da kwamfuta mai kula da mai da wuta. Wannan Beetle ba ta da ko ɗaya a cikinsu, shi ya sa tata iyakar ke ƙasa sosai. Abin da misalin ke nunawa kawai shi ne saurin ƙuna da kula da zafi ne ke kafa iyakar.

Ya kamata a faɗi girman ribar da ake nema, domin ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba. A lissafin littafi, tashi daga 7.5 zuwa 8.5 yana ƙara ƙarfin da ake samu daga fetur da kusan kashi 4 cikin ɗari, daga 8.5 zuwa 9.5 kuma wajen kashi 3. A injin da bai kai ƙarfin doki 80 ba, doki biyu ko uku ke nan. Wanda ya tura matsi har bakin ƙwanƙwasa, sannan ya janye taimin don ya tsira, ya mayar da dokin nan har da ƙari. Ribar gaskiya tana wajen yadda mota ke amsa totur a ƙananan gudu, da shan mai, da sanyin hayaƙi, tunda gas ɗin da aka fi matsewa ya fi samun damar buɗewa kafin bawul ya sake shi.

Kamshaf ne ke faɗin lambar gaskiya

Fistin ba ya fara matsa komai sai bawul ɗin shan mai ya rufe, shi kuwa ba ya rufewa a lokacin da fistin yake ƙasa. Yana jira har fistin ya fara hawa. A kamshaf ɗin kamfani yana rufewa wajen digiri 37 bayan ƙarshen ƙasa. Da kwanrod mai tsawon milimita 137, a wannan lokacin abin da ya rage na tafiyar fistin milimita 63.6 ne cikin 69. Ke nan 7.5 ɗin kamfani, a aikace 7.0 ne.

Bakaniken ya ɗora faifan digiri a karanshaf ya auna kamshaf ɗin da mai motar ya sayo. Yana rufewa wajen digiri 52, tafiyar da ta rage 58.5. Yana da wani ƙarami a ajiye mai rufewa wajen 45, wanda ke barin 61.1. Waɗannan lambobin na kwatantawa ne kawai, domin ya danganta da tsawon ɗagawar da aka ɗauka a matsayin rufewa, masu ƙera kamshaf kuma ba su yi ittifaƙi a kan wannan ba. Amma idan hannu ɗaya ya auna duka ta hanya ɗaya, kwatancin yana tsayawa.

A nan ne tsarin mai motar ya rushe. Matsi 7.6 da babban kamshaf yana ba da 6.6 a aikace, ƙasa da na tsohon injin da ya gaji da shi. Zai kashe kuɗin ƙara girma ya samu mota mai kasala a cikin gari, wadda ba ta farkawa sai an kai ta babban gudu, ga rata mai faɗi da ke ƙara jinkirta wuta. Kowane ɗaya cikin zaɓin nasa biyu yana da hujja idan aka ɗauke shi shi kaɗai. Haɗuwarsu ce ba ta yi ba. Shi ya sa a al'adar masu wannan aiki ake haɗa kamshaf da matsi tare: na kamfani da 7.5 zuwa 8, irin su Engle W100 da 8 zuwa 8.5, W110 da 8.5 zuwa 9, a ci gaba da hawa yadda kamshaf ke girma.

Tsari biyu suka rage masu ma'ana. Na ɗaya, a bar kwarmi a 50, matsi 8.7, a sa babban kamshaf, a aikace 7.5. Na biyu, a buɗe kwarmi zuwa 55, matsi 8.1, a sa ƙaramin kamshaf, a aikace 7.3. Lambobin aikace sun yi kusa, har mutum zai ce ai ɗaya ne, a ɗauki na farko a huta da fiƙa.

Ba ɗaya ba ne, kuma dalilin yana cikin abin da lissafin aikace ke ɓoyewa. Wannan lissafin gaskiya ne a ƙananan gudu, inda fistin ke mayar da wani ɓangare na cakuɗen baya ta bawul ɗin da bai rufe ba. Idan gudu ya ƙaru, iskar da ke shigowa tana da nauyin tafiyarta, tana ci gaba da turowa ko da fistin ya fara hawa, silinda ta cika, abin da aka yi babban kamshaf dominsa ke nan. A wannan lokacin 8.7 ya dawo kusan cikakke. Lokacin kuwa shi ne na doguwar hanya, totur a buɗe, kai ya yi zafi, wato irin tafiyar da wannan mai motar ya fi yi, da fetur 91. Da a ce yana samun 95 kullum, da kafireta biyu zai sa, da tsari na farko ya fi daɗin tuƙi. Amma kafiretarsa guda ce, Solex 34 PICT-3 ta asali, wadda ke buƙatar zuƙa mai ƙarfi daga inji kafin ta zauna lafiya a tsaye, babban kamshaf kuwa yana raunana wannan zuƙar.

Wani abu da ke ruɗa mutane a nan shi ne ma'aunin oktan ɗin kansa. Shawarwari da yawa a kan waɗannan injunan daga Amurka suke fitowa, inda lambar da ke jikin famfo matsakaici ce tsakanin ma'auni biyu, kuma takan yi ƙasa da RON da maki huɗu zuwa biyar. Wanda ya karanta cewa 9 zuwa 1 yana tafiya da fetur 91, ya duba wane 91 ake nufi. Na Amurka daidai yake da wajen 95 RON. Na wannan mai motar kuwa a can 87 za a kira shi, mafi ƙanƙanta a famfo.

Tsawon wuri ma yana shiga lissafi. A mita 1,500 sama da teku nauyin iska ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin shida, inji yana iya ɗaukar ƙarin matsi. Amma mota tana tafiya, wanda ya haɗa inji don kan dutse ranar da ya sauko bakin teku zai ji a jikinsa. An yi lissafin wannan injin da wuri mafi ƙasa da zai je.

Yadda aka samo cc biyar

An zaɓi tsari na biyu. Sauran aikin shi ne a ƙara wa kowane kwarmi cc 5 ba tare da an taɓa shimfiɗaɗɗen wurin da aka sha wahalar kiyayewa ba. Hanya mafi sauri ita ce a yanka mataki a kewayen fuskar kai, amma wannan zobe mai kauri ne da wani suna, ratar ce dai ta faɗaɗa ta sama maimakon ta ƙasa. Fistin mai kwarmi a tsakiya da gefe a shimfiɗe zai yi aikin, sai dai an riga an sayi masu shimfiɗaɗɗen kai.

Faɗaɗa silinda ya ba da damar da ta fi. An ƙera kwarmin ne don silinda mai 85.5, bangonsa yana kusa da gefen bawul, yana tare wa iska hanya ta wannan ɓangaren. Yanzu da silinda ta zama 90.5, akwai milimita 2.5 na ƙarin fili kowane gefe. Bakaniken ya kifa silinda a kan kai ya zana da'irarta, ya riƙa kwantar da bangon da ke kewaye da bawul yana matsar da shi zuwa wajen layin, ba ya kaiwa kansa, don a bar wa bakin silinda mazauni cikakke. Da jifa ɗaya an sami cc ɗin da ake nema, bawul kuma ya sami numfashi. Ya goge duk wani kaifi da ya rage, har zaren ramin fulogi da ya leƙo, domin tsinin ƙarfe a cikin kwarmi yana yin ja da zafi ya kunna cakuɗe tun fulogi bai yi ba.

Aiki ne na fiƙa kaɗan, a auna, a sake fiƙa. An fi cirewa daga mai 49.5, an fi sassauta wa mai 51, har huɗun suka haɗu a 55 da bambancin da bai wuce rabin cc ba. Tazarar cc ɗaya da rabi da suka zo da ita daidai take da 0.2 a ninkin matsi. Ba ta da yawa a ido, amma inji ba ya ƙwanƙwasa da matsakaicin silindunsa, wadda ta fi matsi ce ke farawa, ita ce kuma ke tilasta a janye wa sauran ukun taimin. An kuma tabbatar silindu biyu na kowane gefe tsawonsu ɗaya, tunda kai guda ne ke rufe su, idan ɗaya ta fi ɗaya ko da kaɗan gajeriyar za ta yi yoyo. Daga ƙarshe an ɗora ɗan yumɓun roba a kan fistin, aka juya injin zagaye biyu, aka duba tazarar bawul da fistin. Da ƙaramin kamshaf akwai fili isasshe.

Lambar da aka zaɓa ta dogara da wasu sharuɗɗa

Matsi 8.1 da fetur 91 lafiya ne muddin kai bai wuce zafinsa ba, saboda haka rabin hukuncin yana wajen sanyayawa. Wannan motar ta zo da sa'a: daga ƙirar 1971 an fitar da mai sanyaya baƙin mai daga hanyar iskar silinda ta 3 da ta 4, aka ba shi ɗakinsa a bayan murfin fanka, aka kuma faɗaɗa fankar. A injunan da suka gabata iskar da ke zuwa silinda ta 3 ta riga ta bi ta jikin mai sanyayawar ta ɗumama, har sai da kamfani ya riƙa jinkirta wutar wannan silindar da 'yan digiri a cikin distiributa. Da irin wancan tsohon tsarin ne a motar, da bakaniken bai wuce 7.8 ba. An mayar da kowane guntun gwangwani mazauninsa, har ƙananan da ke ƙarƙashin silindu waɗanda ake yawan jefarwa, aka sa sabuwar roba a kewayen ɗakin inji don kada iskar zafi ta ƙasa ta koma bakin fanka, aka toshe ramukan wayar fulogi da robarsu.

An saita taimin a babban gudu, ba a tsaye ba: an cire tiyon zuƙa daga distiributa, aka ɗaga injin sama da juyi 3,000 a minti har gabatarwar ta tsaya, aka ɗaure a digiri 28 kafin ƙololuwa. Waɗannan injunan tsakanin 28 da 32 suke zama, kuma wanda ratarsa ta matse yakan gamsu da ƙasan wannan zangon, abin da ke ƙara masa tazara daga ƙwanƙwasa. An ƙara girman babban jet na kafireta, domin mai da aka auna wa 1600 ya yi wa 1776 kaɗan, ƙarancin mai kuwa zafi ne. Ratar bawul milimita 0.15 a sanyi, yadda littafi ya ce. An sa ma'aunin zafin kai a ƙarƙashin fulogi na 3.

Bayan ringi sun zauna, gwajin da ya dace shi ne wanda ya fi wahalar da inji: rana tsaka, fetur 91, dogon tudu a giya ta huɗu, totur a danne har ƙasa tun daga ƙaramin gudu. Ba a ji ƙara ba, amma tunda kunne ba shaida ba ne a nan, an kwance fulogi huɗun aka duba farin tangaran ɗinsu da gilashin ƙara girma, ana neman ƙananan ɗigo baƙaƙe ko masu ƙyalli irin na alminiyon da ƙwanƙwasa ke ɓantarowa daga fistin. Babu su. Zafin kai ya hau a tudu ya sauko bayan an wuce, bai kai digiri 200 ba.

Mai motar ya yi tambaya ta ƙarshe, ko injin zai yi idan wata rana ya mayar da shi cikin Kombi, bas ɗin Volkswagen. Amsar ita ce a'a, ba a haka ba. Beetle ba ta kai kilo 900 ba, tana hawa tudu ta wuce kafin kai ya cika da zafi. Kombi da kaya tana kai tan biyu, gabanta kuma bango ne a cikin iska, injinta yana aiki kusa da iyakar ƙarfinsa awa bayan awa. Don ita sai a sauko wajen 7.7, wato kwarmi cc 58.5 ko fistin mai kwarmi a tsakiya, ratar kuma ta zauna a 1.2 yadda take.